Motsa jikin da ake koyarwa a kan allo

Wasu makarantun kuɗi a Kaduna sun tsiro da salon gutsure lokacin fita tara domin a cusa ƙarin lesin har zuwa la'asar, kuma abin takaicin shi ne da wannan suke tallata kansu ga iyaye. Yaro ya zauna a benci tun ƙarfe takwas, ya dawo gida ya sauya kaya ya nufi Islamiyya, ba a ba shi ko rabin sa'a ya yi gudu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun hakan, a 'yan mata kuwa adadin ya kai kashi 85. Mu a nan darasin motsa jiki yana cikin manhaja, amma a kan allo ake yin sa: malami ya zana filin ƙwallo da alli, ɗalibai su haddace tsawonsa da faɗinsa, su ci jarrabawa a makarantar da gidan haya ce mai ɗaki shida, wadda tsakar gidanta ba ta isa a yi langa ba. Duk wanda ya zaga Tudun Wada ko Rigasa ya ga irinsu. Sau ɗaya a shekara sai a karɓi kuɗin riga a hannun iyaye, a ari fili, a yi gasar gidaje, a ɗauki hotuna, shi ke nan.

Masu cewa ai yara suna guje-guje a unguwa sun manta da 'ya mace, wadda daga makaranta sai wanke-wanke ko talla, sun kuma manta filayen unguwannin sun zama shaguna. Masu cewa wasa yana cinye lokacin karatu kuwa, su duba ajinsu da ƙarfe biyu na rana su ƙirga masu gyangyaɗi.

Uzurin rashin kuɗi ma bai karɓu ba, domin langa da gaɗa da tsallen igiya ba sa buƙatar kwangila. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta jihar ta wajabta rabin sa'a kullum cikin jadawali, da safe kafin rana ta yi zafi, maza daban mata daban, ta kuma daina sabunta lasisin duk makarantar da ba ta da fili ko yarjejeniyar aron fili a kusa.