Ba kowane jakin daji dokar 1971 ta kare ba

Wani labari ya ce doka ta kare duk jakunan daji na Amurka, amma maganar ba haka take ba. Dokar 1971, wadda Shugaba Nixon ya sa wa hannu, ta shafi waɗanda ke filayen gwamnatin tarayya ne ƙarƙashin hukumar kula da filayen gwamnati (BLM) da hukumar gandun daji. Wanda ya kashe su ko ya tsangwame su, tara ce har dala 2,000 ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyu. Idan jakin ya ƙetara zuwa filin mutum, mai filin ba shi da ikon kashe shi. Jami'an tarayya zai sanar su zo su kwashe. Amma jakunan gandun shaƙatawa na Death Valley ba sa cikin wannan kariya, haka ma garken da ke zaune tun asali a filayen mutane waɗanda ba na gwamnati ba; wannan garken sai dokar jiha da ma'aikatan dabbobi na gunduma. Wani mai sharhi a kan labarin ya ce a ɗaure jakin da mota ta buge a ba shi abinci; don Allah kada a yi. Jaki yana ɓoye ciwo, kuma idan ya daina ci na 'yan kwanaki kitse kan taru a jininsa har hanta ta lalace, aikin likitan dabbobi ne. A duba gefen hagu na wuyansa: farin tambari na nuna ya taɓa shiga hannun BLM. Kuma masu miƙa musu karas ta tagar mota, ba su ne ke janyo su bakin titi da dare ba?