A daina sallamar tsofaffinmu da lambar sikeli, tumbi ya kamata a auna

Duk shekara in 17 ga watan Mayu ta zo, ranar hawan jini ta duniya, ko 14 ga Nuwamba ranar ciwon sukari, sai ka ga an kafa rumfuna ana gwajin kyauta, tsofaffi sun yi layi tun da sanyin safiya a unguwannin Damagaram, daga Birni, Zango, Garin Malam har Karkada. Aikin alheri ne, Allah ya saka wa masu yin shi. Amma akwai abin da ke ɓata min rai a ciki kuma na gaji da yin shiru. A ɗora tsoho kan sikeli da babbar rigarshi, a jingina shi da bango a auna tsawo, wani yaro ya danna portabul ya fiddo lambar nan ta awon ƙiba, IMC, wadda ƴan Najeriya ke ce wa BMI, sai ka ji an ce "Baba 23 ne, ba ka da komai, je ka abinka", alhali ga tumbi nan a gabanshi kowa na gani amma ba wanda ya ɗauko metir ya zagaya shi.

Wallahi wannan sallamar tana da hatsari, don tsoho in likita ya ce mishi lafiyarshi lau to magana ta ƙare, ko ɗanshi na cikinshi bai isa ya sa shi rage gishiri ba.

Ita IMC ɗin nan da ake riƙe da ita kamar ba a iya taɓa ta, lissafi ne kawai na nauyi da tsawo. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro ta tun wajajen 1830 don nazarin jama'ar Turai a dunƙule, mutumin ko likita ba shi ba ne, sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yanzu. Daga 25 an ce ka yi nauyi, daga 30 an ce ƙiba ce. To amma sikeli bai san tsoka ba bai san kitse ba bai san ruwa ba, duk kilo ne a wurinshi. Kuma abin da tsufa ke yi wa jiki kowa ya sani, naman cinya da na damtse ya zube, kitse ya koma ya taru a ciki, ya lulluɓe hanta da hanji, shi ne kuwa kitsen da ke tafe da ciwon sukari da tansiyo da toshewar jijiyoyin zuciya. Nauyi bai motsa ba, amma mutumin da ke cikin rigar ya sake gaba ɗaya.

Ɗauki Alhaji mai tsawon santimetir 170 da nauyin kilo 68, IMC ɗinshi 23 da rabi, a takarda lafiyayye ne. Zagaya cikinshi da metir ka samu 98. Rabin tsawonshi 85 ne, ya wuce da 13, kuma ya haura 94 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga nan hatsari ke farawa ga maza (ga mata daga 80 ne, in namiji ya kai 102 ko mace 88 abin ya yi tsanani). Sannan ga Inna wadda da tana da tsawo 160 da kilo 62, girma ya zo baya ya ranƙwafa ta koma 155, ko loma ɗaya ba ta ƙara ba amma lambarta ta tashi daga 24 ta kusa 26, sai a ce mata Inna a rage ci, tsohuwar da ma ƙarfinta ne ke ƙarewa. Ga kuma wanda ƙafafunshi suka kumbura don zuciya ta fara gazawa, sikeli ya nuna ya ƙaru, ƴan gida na murna Baba ya murmure. Lamba ɗaya, ta saki mai ciwo ta kama mai lafiya.

Kuma fa ba ni na fara faɗa ba. Binciken INTERHEART da aka buga a 2005, wanda ya shafi ƙasashe 52, ya nuna awon ciki da ƙugu ya fi IMC nuna wanda bugun zuciya ke jira. A 2022 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila ta fito ta ce kowa ya tsare kada zagayen cikinshi ya kai rabin tsawonshi. A Janairun 2025 kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce IMC ita kaɗai ba ta isa a yanke wa mutum hukuncin ƙiba ba, a haɗa da awon ciki. Su da suka kawo mana lambar sun matsa gaba, mu muna nan riƙe da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mu ƴan Damagaram ba baƙin metir ba ne. A nan Mirriah ne ƙungiyoyin agajin lafiya ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren nan mai ja da rawaya da kore, mata da yawansu ba su taɓa shiga lakwal ba, suka iya, suka riƙa kawo yara masu tamowa da wuri, har dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. To in uwa a ƙauye ta iya gane ja a hannun ɗanta, me zai hana majo ko ma'aikacin sa kai zagaya cikin tsoho? Metir ɗin tela ne fa, yana nan a Kasuwar Dole, ba ya cin batir ba ya jiran wutar Nigelec. Mutum ya tsaya, ya ɗage riga, a sa metir tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ya saki numfashi, a karanta. Ko metir babu, igiya ta isa, a auna tsawon mutum da ita a ninka biyu, in ta kasa zagaye cikin to a wuce da shi wajen awon tansiyo da na sukari ba tare da jayayya ba, in an ga tansiyo 14/9 ko sama a ba shi ranar dawowa.

Masu cewa ƙasar da ke fama da tamowa ina ruwanta da zancen ƙiba, su leƙa gidajen garin nan su ƙirga tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Masu cewa tumbi alamar rufin asiri ne kuwa, rufin asirin da zai ƙare a kuɗin ordonansi wata bayan wata ba na son shi ga ubana. Batun kunya ma da ake fakewa da shi, wai ba a ɗage wa Hajiya hijabi a rumfa, labule ɗaya da mace ɗaya mai awo sun kashe maganar.

Saura abu guda. Wannan 94 da 80 ɗin ma a jikin Turawa aka samo su, Tarayyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya da kanta ta ce a 2005 a ara wa ƴan Afirka baƙar fata kafin a samu nasu. Muna da sashen koyon likitanci a Jami'ar André Salifou, muna da ɗalibai da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu, ga tsofaffi cike da unguwanni. A ba su metir da na'urar tansiyo su shiga gida gida, su fiddo mana awon da ya dace da jikin Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafulatani.