Suna da kuɗi ba su ɗauke wa mai zaluntar dabba hukunci

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar wasanni.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an azabtar da wata mace a wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. A wani hadisin, Ibn Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, sai ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Ku lura, wasa suke yi. Ke nan "ai wasa ne" ba uzuri ba ne a wurin Allah.

A watan Fabrairun 2022 bidiyo ya fito na Kurt Zouma, mai tsaron bayan West Ham a lokacin, yana harbin kyanwarsa da ƙafa a ɗakin girki, yana marinta, ƙaninsa na ɗauka ana dariya. Kulob ya ci shi tarar albashin mako biyu, kimanin fam 250,000, Adidas ta raba gari da shi, ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ta kwashe kyanwoyinsa biyu. Daga baya kotu a Landan ta yanke masa aikin al'umma na awa 180 da haramcin riƙe kyanwa na shekara 5. Amma ga inda aka yi tuntuɓe: ana tsaka da ce-ce-ku-ce kocinsa ya sa shi a wasan Watford, domin ana buƙatarsa a fili. Wannan ita ce cutar da Annabi (SAW) ya ja kunne a kanta ranar da Usama ya nemi a sassauta wa matar Banu Makhzum da ta yi sata: abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi laifi a ƙyale shi, in mai rauni ne a tsayar masa da hukunci.

Hukuncin da zai yi amfani yana da jeri, kuma in aka tsallake na farko sauran ba su da daɗi. A fara raba dabbar da mai cutar da ita, likitan dabbobi ya duba ta ya rubuta rahoto tun raunin bai warke ba, domin rauni in ya rufe hujja ta yi rauni. Sai kulob ko hukumar wasan ta dakatar da ɗan wasan yayin bincike, ba sai jama'a sun yi ihu ba. Sannan a miƙa shi kotu. Tarar kulob ba ta maye gurbin shari'a, don kulob ma'aikacinsa yake hukuntawa, kuma yana da riba a tare da shi.

Batun tara kuwa sai an duba samun mutum. Albashin mako biyu wurin wanda ake biya duk mako, ɗiban ruwa ne da cokali daga rijiya. Abin da ya fi yi wa ɗan wasa ciwo shi ne zaman benci da janyewar kamfanonin talla. Abin da ya fi amfanar dabbobi kuma shi ne hana shi riƙe wata na tsawon shekaru, da tilasta masa biyan kuɗin jinya da ciyar da waɗanda aka ƙwace.

Michael Vick, tauraron ƙwallon Amurka na Atlanta Falcons, ya ga hukuncin a cike. A 2007 aka gano gidan faɗan karnuka da caca a filinsa da ke jihar Virginia, inda karen da bai yi ƙoƙari ba ake rataye shi ko a nutsar da shi a ruwa. Ya amsa laifi, aka yanke masa wata 23 a gidan yari, hukumar ƙwallon Amurka ta NFL ta dakatar da shi, Nike ta soke kwantiraginsa, ya biya kusan dala miliyan 1 don kula da karnukan. Wasannin dawaki ma ba su tsira ba: a 2024 hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da mahayiyar doki Charlotte Dujardin ta Birtaniya shekara guda bayan bidiyon da ya nuna tana zabga wa doki bulala a ƙafafu wurin horo, ta kuma rasa gasar Olamfik ta Paris.

Mu magoya baya akwai namu. Kada son kulob ya sa ka ce "kyanwa ce kawai", alhali Muslim ya ruwaito cewa ranar ƙiyama har akuya marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙaho. Kada kuma fushi ya kai ka ga zagin launin fatar mai laifi ko yi wa iyalinsa barazana, wannan wani zaluncin ne da za a tambaye ka a kansa. Wanda ya gama hukuncinsa a bar masa ƙofar tuba. Vick ya koma wasa a 2009 tare da Philadelphia Eagles bayan ya fito, ya riƙa zagayawa yana yi wa matasa gargaɗi kan faɗan karnuka.