Izinin zanga-zanga: kotu ta soke, kotu na dawowa da shi

Jama'a, duk sanda na ji kwamishinan 'yan sanda a rediyo yana cewa ba su ba kowa izinin zanga-zanga ba, sai Kano ta 2003 ta faɗo mini a rai. A watan Satumba ne 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar adawa ta ANPP da barkonon tsohuwa, wai babu izini. Buhari na wurin, haka ma mataimakinsa a takara, Chuba Okadigbo, wanda Allah ya yi wa rasuwa 'yan kwanaki bayan nan.

Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, lauya Femi Falana ya tsaya musu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya ta ce tilasta wa mutane neman izini kafin su taru ya saɓa wa sashe na 39 da na 40 na kundin tsarin mulki, masu ba da 'yancin faɗar albarkacin baki da na taro. Sufeto Janar na 'yan sanda ya ɗaukaka ƙara, ya sake shan kaye a 2007.

Ba wai kotu ta ce gwamnati ba ta da ta cewa ba ne. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yanci don tsaro ko zaman lafiya, amma da sharaɗin matakin ya zama wanda hankali zai ɗauka a ƙasar dimokuraɗiyya. Wato alƙali zai dubi gwamnati ya ce: ina hujjarki? Kuma babu wata hanya da ta fi wannan sauƙi?

To nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yanzu gwamnati ce ke riga kowa zuwa kotu. Ana gobe zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, ministan Abuja ya samo umarnin killace masu zanga-zanga a filin wasa na MKO Abiola, ba tare da an ji ta bakinsu ba. Wa zai ji kukanka a cikin filin ƙwallo, in ba kujeru ba?

Na san abin da za ku ce, kun ga ɓarnar da aka yi a Kano a zanga-zangar, yara na gudu da kujeru da jarkokin man gyaɗa a ka. Ni ma na gani, kuma ya yi mini zafi. Wanda ya yi sata a kama shi, dokar sata tana nan. Amma alƙalin da zai auna tsoron gwamnati da 'yancin talaka, ya kamata dai ya bari talakan ya shigo ɗakin kafin ya buga guduma.