An gyara ɗaki, an biya dillali, 'yar raino ba ta zo ba

A Jamus akwai tsarin da ake kira au pair: iyali su ɗauko matashiya daga wata ƙasa, ta zauna da su wata shida zuwa shekara guda, ta taya su rainon yara da ƙananan ayyukan gida, ita kuma ta koyi Jamusanci. A takarda an tsara komai tsaf. Shekarunta 18 zuwa 26, aikinta bai wuce awa 30 a mako ba, kuma bai wuce awa shida a rana ba. Kuɗin kashewarta Yuro 280 a wata, ga gudummawar Yuro 70 ta makarantar koyon harshe, ga inshora, ga abinci, ga ɗakinta ita kaɗai. Duk an rubuta. Abu ɗaya ne babu wanda ya damu ya rubuta: wa zai ɗauki asarar idan ranar zuwa ta yi, yarinya ba ta sauka ba? Amsar ita ce iyali, su kaɗai, kuma wallahi wannan zalunci ne.

Ku dubi yadda abin yake a gida. Litinin, ƙarfe biyar da rabi na asuba, uwa ma'aikaciyar jinya ta sa kayan aiki, za ta karɓi aiki ƙarfe shida. Uba yana da jirgin ƙasan da zai kama ƙarfe bakwai. Ɗan shekara ɗaya da rabi yana barci, yayarsa za ta taso daga firamare da tsakar rana, ba mai ɗauko ta. Ɗakin da aka yi wa sabon fenti yana nan, an shimfiɗa zanin gado, an ajiye tawul a naɗe, makulli a jikin ƙofa. Saƙon da aka tura wa yarinyar ta WhatsApp tun Alhamis har yanzu alama ɗaya ce a jikinsa. A ƙasar da ba kaka a ɗakin baya, ba ƙanwar miji, ba maƙwabciyar da za ka miƙa wa yaro ta katanga, wannan safiyar kaɗai ta isa ta girgiza aikin mutum.

Mafi yawan lokuta biza ce ke kawo cikas. Wadda ta fito daga wajen Tarayyar Turai galibi sai ta nemi bizar dogon zama a ofishin jakadancin Jamus na ƙasarta, ta biya Yuro 75, ta nuna tana jin Jamusanci na matakin farko, wato A1, sannan hukumar ƙwadago ta tarayya ta amince da ɗaukar ta. Kafin ma a kai ga duba takardu, samun ranar ganawa kaɗai yakan cinye makonni, a wasu ƙasashen watanni. Akwai wadda tana cikin wannan jiran za ta cika shekara 27, shi ke nan ƙofa ta rufe. Akwai wadda ta ci jarrabawar harshe amma ta daburce a gaban jami'i, aka ce ba ta iya ba. Akwai wadda aka hana saboda jami'in bai gamsu za ta koma gida bayan shekarar ba. Iyalin da suka sa hannu a yarjejeniya, suka gina rayuwarsu a kan ranar zuwanta, ba su ne masu neman bizar ba, don haka ba a yi musu bayanin komai. Sai dai su zauna jiran gawon shanu.

Kuma abin ya ƙara tsanani. Da can idan an hana biza, akwai damar rubuta wa ofishin jakadancin takardar neman a sake dubawa, kyauta. Daga 1 ga Yuli 2025 Jamus ta soke wannan hanyar a duk duniya. Yanzu ko dai a sake sabuwar nema daga farko, a sake biya, a sake bin layi, ko a kai ƙara kotun harkokin mulki da ke Berlin. Wace uwa ce da za ta koma aiki mako mai zuwa take da lokacin shari'a?

Ga 'yan uwanmu mazauna Jamus akwai wani tarko na musamman, wanda ya kamata kowane dillali mai haɗa iyali da 'yar raino ya faɗa tun ranar farko. Doka ta fi son gidan da Jamusanci ne harshen uwa. Idan kuwa iyali suna magana da Jamusanci ne a gida amma ba harshensu na asali ba ne, za a amince musu ne kawai in 'yar rainon ba daga ƙasar iyayen ta fito ba. Ma'ana, Bahaushen Kano ko na Maraɗi da ke zaune a Hamburg, in shi da matarsa duk daga gida suka zo, ba zai ɗauko yarinya daga ƙasarsa ta wannan hanyar ba. 'Yar uwa ta jini ma ba a karɓa. Mutane su kashe kuɗin makarantar harshe, su biya jarrabawa, su jira wata da watanni, a ƙarshe a gaya musu abin da tun farko yake rubuce.

Sai dillalai. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, akwai masu riƙon amana. Amma ku karanta ƙananan rubutun yarjejeniyar da yawansu: kuɗin da aka biya na haɗa ku da yarinya ne, ba na kawo ta ƙofar gida ba. Da an sa hannu, a wurinsu aiki ya ƙare. In ba ta zo ba, iyakarsu su ce za su nemo wata, wadda ita ma za ta fara layin biza daga tushe. Haba! Mutum ya karɓi ɗaruruwan Yuro, sannan ya kasa ɗaga waya ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada?

Ita kanta yarinyar wani lokacin takan sauya ra'ayi. Ta tsorata, ko iyayenta sun hana, ko ta samu wani gida a babban birni. Wannan haƙƙinta ne, ba baiwa ba ce. Abin takaicin shi ne shirun. Yarjejeniyar ta tanadi sanarwar kwana 14, amma wa zai bi wadda ke wata nahiya ya karɓi diyya? Akwai kuma 'yan damfara tsantsa, masu hoton aro, da za su ce a turo kuɗin tikiti su ɓace. A bisa tsari ita ce ke biyan kuɗin jirginta. Iyalin da ke son taimakawa su mayar mata da kuɗin bayan ta iso, ko su raba shi wata-wata, kada su tura ko sisi tun tana can.

To idan abin ya riga ya faru fa? A ranar farko a nemi jin gaskiyar inda maganar take: an ba ta ranar ganawa, an karɓi fasfonta, ko an hana? A ce ta turo hoton takardar, ba labarin baki ba. A sa mata wa'adi a rubuce, kwana uku ko biyar, in ya wuce a soke yarjejeniya a rubuce, don kada a wayi gari da biyu a wuya. A kira kamfanin inshora a ɗage ranar farawa ko a soke, tunda galibi suna yarda in aka nuna shaidar hana biza.

Daga nan a nemi wadda ba ta buƙatar biza. 'Yan ƙasashen Tarayyar Turai suna iya farawa gobe in sun yarda. Akwai kuma waɗanda suna cikin Jamus, sun rabu da gidan farko suna neman wani. Su ne mafi sauri, amma sai ofishin baƙi na garin ya amince da sauyin, kuma watannin da suka yi a baya suna cikin lissafin shekarar. A tambayi dalilin rabuwar, a kira tsohon gidan a ji ta bakinsu.

In ba a samu ba, sai ɗaukar mai raino ta albashi, kuma nan ne lissafin kuɗi ke tayar da hankali. Mafi ƙarancin albashi a 2026 Yuro 13.90 ne a awa. Awa 30 a mako ta kama Yuro 417, kusan 1,800 a wata. Ƙaramin aikin da ake yi wa rajista a ofishin rajistar ƙananan ayyuka, Minijob-Zentrale, iyakarsa Yuro 603 a wata a 2026, wato kamar awa goma a mako, kashi ɗaya cikin uku na abin da gidan ke buƙata. Wannan giɓin ne ke tura mutane ɗaukar mai aiki a ɓoye, ko gayyato wata da bizar ziyara ta zo ta yi raino. Duka biyun karya doka ne, kuma ranar da ta faɗi a matakala ba inshora, iyalin ne za su gane kurensu. A biya ta banki, a ajiye shaida: daga 2025 ana cire kashi 80 na kuɗin raino daga abin da za a yi wa haraji, har Yuro 4,800 ga kowane yaro ɗan ƙasa da 14, amma kuɗin hannu ba ya shiga.

Wurin aiki ma ba sauƙi. Kwanakin jinyar yaro na yaron da ba shi da lafiya ne, da takardar likita, ba na rashin mai raino ba. Hutun raino na iyaye kuwa sai an sanar da mai aiki mako bakwai kafin lokaci in yaro bai kai uku ba, mako 13 in ya wuce. Wadda ta riga ta tsayar da ranar komawarta cikin shekara biyun farko, tsawaitawa sai mai aiki ya yarda. Saura hutun shekara, hutu ba albashi, ko roƙon a sauya mata lokacin aiki. Kusan kullum uwa ce ke wannan roƙon, ita ce albashinta ke raguwa.

Ƙofa ɗaya ce doka ta tsaya wa iyali a kanta. Tun 1 ga Agusta 2013 duk yaron da ya cika shekara ɗaya yana da haƙƙin gurbi a gidan rainon yara ko wurin mai raino mai lasisi, kuma a 2016 babbar kotun tarayya ta ce iyaye na iya neman diyyar albashin da suka rasa in hukumar gari ta yi sakaci wajen samar da gurbin. Don haka a rubuta wa ofishin kula da yara, Jugendamt, a ranar, a rubuce, a ajiye kwafi. Sai dai wasu jihohin suna son a sanar da buƙata watanni kafin lokaci, kuma ko an samu gurbin, makonnin farko na sabawa ne, dole uwa ko uba su zauna tare da yaron. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk gidan da ke jiran 'yar raino daga waje ya sa sunan yaronsa a layin gidan raino ranar da ya sa hannu a yarjejeniya, kuma kada uwa ta ba wurin aiki ranar komawa sai ta ga hoton biza manne a fasfo, sannan ta ƙara mako huɗu a kai.