Gizo bai taɓa barin ƙauye ba

Na karanta wani labari game da matasan marubuta da ke ɗauko tatsuniyoyinmu suna mayar da su cikin rayuwar zamani, kuma ina goyon bayan aikin ƙwarai, domin a ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel yara sun fi taruwa a shagon cajin waya bayan sallar isha'i fiye da gaban tsohuwa mai cewa "ga ta nan, ga ta nanku".

Sai dai ban yarda cewa sabunta tatsuniya yana nufin a kai Gizo Abuja a ba shi mota da ofis ba. Zamani ya iso karkara tun tuni. Gizo mai tsamin baki da kwaɗayi zai fi dacewa a matsayin dillali a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, yana nuna wa mai saye saƙon banki na bogi, Ƙoƙi kuma tana gida tana jiran kuɗin cefane. Kuma kada a wanke shi a mai da shi jarumi, domin wayonsa kan kai shi ya baro, wannan ne ma yake sa yara su saurara.

Abin da ya fi damuna shi ne waƙoƙin da ke tsakiyar tatsuniya, waɗanda masu sauraro ke amsawa, yawancin masu rubutun suna zubar da su. Tunda ana karanta littattafan Hausa a gidajen rediyon Kano, ina roƙon marubutan su bar waƙoƙin a ciki, masu karantawa kuma su rera su.