Kun cike kududdufi, ruwa ya dawo ɗakunanmu

Daren Talata ban runtsa ba. Ruwa ya sauko bayan isha'i, kafin ƙarfe 11 ya cika zaure, ya ratsa tsakar gida, ya tarar da katifar yara a ƙasa. Ni da uwargida muka kwana muna kwalfewa da bokiti da roba, ita ga tocila a baki don ba wuta. Buhun masarar da na ci bashi na saya ya jiƙe sharkaf, yau har ya fara tsiro.

Kada wanda ya zo mini da zancen ƙaddara. Ruwa na Allah ne, amma toshe masa hanya aikin mutum ne.

Gidanmu a cikin birnin Zariya yake, wajen Ƙofar Gayan, kuma a nan aka yanke wa kakana cibiya. Ban taɓa jin ya ce ruwa ya kore su daga ɗaki ba. Dalili kuwa, akwai kududdufi a bayanmu. Kududdufan birni ba haka kawai suka tsiro ba: ƙasar da aka haƙa aka yi tubali, aka tayar da gidaje da ganuwa, ita ta bar ramukan, su kuma suka riƙa shanye ruwan damina. Muna yara can muke kamun tarwaɗa, mu dawo gida mu sha bulala.

Da shara aka fara. Sai tifa ta riƙa zuwa da daddare tana juye ƙasa. Wata safiya muka tashi muka ga an kafa turaku an yanka fegi. Wa ya sayar? Wa ya sa hannu? Kowa ya yi gum. Yanzu shaguna ne jere a wurin, magudanar da ke kai ruwa can an danne ta da siminti.

Abin haushin, in baƙi sun zo, mu ne kan gaba wajen cika baki. Mu ne Zazzau ta Sarauniya Amina, mu ne masu Masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, mu ne masu jami'a tun 1962. To, a je a dubi ganuwar. Wani wuri an yanke ta an yi bulo, wani wuri ta koma juji, wani wurin ma in ba dattijo ya nuna maka ba, sai ka ɗauka tudun bola ne. Garin da ke yaye injiniyoyi kowace shekara, a ce lambatu ya gagare shi!

Sau uku ina zuwa ofishin da abin ya shafa. Ranar farko oga ya tafi Kaduna. Ta biyu aka ce in rubuto takarda. Ta uku aka nemi takardar aka rasa, wani saurayi yana danna waya ya ce mini, "Baba, a yi haƙuri, damina ai ta kusa wucewa."

Watan Agusta fa muke ciki. Na cika buhuna shida da yashi na jera a bakin zaure, na ɗora katifar yara a kan benci. Ga hadari can ya sake haɗowa daga gabas.